Idan daɓe ya koma gangare: tafiya a cikin jirgi mai nutso, a teku da a wasan kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon sojojin ruwa a cikin jirgi mai nutso yana atisayen dulmiya da tasowa, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne tsayuwar mutanen. Daɓe a shimfiɗe, bango a tsaye, teburi na nan inda aka kafe shi, amma mutane duk sun jirkice gefe guda kamar ana jan su, kuma babu wanda ya faɗi. Tawul ɗin da aka rataye ya bar jikin bango ya tsaya a iska. Alhali mutanen da tawul ɗin su ne a daidai. Jirgin ne ya karkata, kyamara kuma da yake a jikinsa aka ɗaure ta sai ta karkata tare da shi, ta nuna mana ɗakin a miƙe, ta ɗora wa mutane laifin. Wannan ruɗin ido shi ne tushen wahalar da matuƙan gaske ke sha, kuma da shi masu haɗa wasannin kwaikwayon jirgi mai nutso suka daɗe suna tuntuɓe. Bambancin dai, matuƙi yana da jikin da zai gaya masa gaskiya ko da ido ya yi masa ƙarya. Mai wasa kuwa yana zaune a kujerar da ba ta motsi, ido kaɗai gare shi.

Sojojin ruwan Amurka suna da wata al'ada. Idan jirgi ya bar tasha ya kai ruwa mai zurfi, sai kwamanda ya sa a dinga kifa hancinsa ana ɗaga shi, digiri 20, 25, har wajen 30. Manufar ita ce duk abin da ba a ɗaure da kyau ba ya faɗo yanzu, kada ya jira ranar da ake laɓe wa abokan gaba, ranar da faɗuwar sifana ɗaya a kan ƙarfe za ta iya tona asirin jirgin ga masu saurare. Digiri 30 a takarda ba ya ba da tsoro, a ƙafa ne ake sanin girmansa. Titin Baldwin da ke Dunedin a New Zealand, wanda ya yi suna a matsayin titi mafi tsananin gangara a duniya, wajen digiri 19 ne a inda ya fi tsanani. Gangaren da ake yi wa keken marasa lafiya a ƙofar gini bai kai digiri 5 ba. A digiri 30, rabin nauyin mutum ne ke jan sa zuwa ƙasa: mai kilo 80 zai ji ana fizgar sa da ƙarfin kilo 40. Matakalar bene ma kusan haka karkatarta take, sai dai ita tana da wurin sa ƙafa. Daɓen jirgi sumul yake.

Sannan ga tsawo. Jirgin Amurka samfurin Los Angeles tsawonsa mita 110 ne, saboda haka idan ya kifa digiri 30, hancinsa ya fi wutsiyarsa zurfi da mita 55. Birtaniya ta ɗanɗana kuɗar wannan lissafi a Yaƙin Duniya na Ɗaya da jiragenta samfurin K masu tafiya da tururi. Tsawonsu mita 103, zurfin da aka amince su kai kuwa wajen mita 61 kacal. In aka yi sakaci jirgin ya kifa digiri 36, hanci ya kai iyakarsa tun wutsiya ba ta gama shiga ruwa ba.

Abin tambaya shi ne yadda abu mai nauyin dubban tan yake saurin sunkuyar da kai haka. Jirgin da ke saman ruwa, in aka danna hancinsa, wani sashe na jikinsa da ke waje ne zai shiga ruwa, ruwan kuma ya turo shi da ƙarfi ya mayar da shi. Shi ya sa jirgin dakon kaya bai damu da inda ma'aikatansa suka tsaya ba. Jirgi mai nutso kuwa da zarar ya shige, duk jikinsa na cikin ruwa, babu sauran wani sashe da zai shiga ya jawo sabon turi. Abin da ya rage masa shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin cibiyar nauyinsa da cibiyar turin ruwa. Masu ƙira suna jibge batura da dalma a can ƙasa domin cibiyar nauyi ta sauka ƙasa da cibiyar turi, jirgin ya zama tamkar abin da aka rataye da gajeren zare. Tazarar nan ba ta kai mita guda ba, ko da tsawon jirgin mita 170 ne. Da ita kaɗai yake dogaro, ta gefe aka ture shi ko ta gaba.

A gwada lissafi. Jirgin Jamus samfurin VIIC, wanda ya fi kowane yawa a Yaƙin Duniya na Biyu, tsawonsa mita 67, nauyinsa a nutse tan 871, mutanensa tsakanin 44 da 52. Mu ƙaddara, don misali kawai, tazarar tasa santimita 30 ce. Mutum 20 masu kilo 75 kowanne, tan ɗaya da rabi ke nan. In suka matsa gaba mita 20, jirgin zai sunkuya fiye da digiri 6 ba tare da an taɓa ko famfo ɗaya ba. Wannan ne dalilin da ya sa idan mai gadi a sama ya hango jirgin sama ya kwarma ihu, duk wanda ba ya bakin aiki sai ya ruga gaba, a cunkushe a ɗakin tofido, wato makamin da ake harbawa a cikin ruwa, don hanci ya shige da wuri. Cikin kimanin daƙiƙa 30 jirgin ya ɓace daga saman ruwa. Gudun nan kuwa ba a fili ake yin sa ba. Hanya ɗaya ce tal ta ratsa jirgin, mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya karkace, kuma ɗakin sarrafawa yana tsakanin ƙofofi biyu zagayayyu waɗanda ba a shiga a tsaye: ka kama sama da hannu, ka jefa ƙafa, jiki ya bi. Kana yi daɓe na ƙara sulalewa a ƙarƙashinka, kuma nauyinka na cikin abin da ke sulalar da shi. Wani jirgi irin wannan, U-995, da aka ajiye a bakin teku a Laboe, kusa da Kiel, har yau ana shigarsa, ana ganin ƙofofin yadda suke.

Su wannan mutum 20 ɗin in suka yi tafiyar mita 20 a jirgin Amurka samfurin Ohio, mai tan 18,750 a nutse, ko rabin digiri ba za su kawo ba. Duk da haka tsofaffin hannu suna da tsokanar da suke yi wa sabon jami'in da ke koyon daidaita jirgi: su taru su sulale can gaba, ya ga hanci ya yi nauyi ya tura ruwa zuwa tankin baya, sai su lallaɓa su koma baya gaba ɗaya. Yana ta fama da famfo, bai san mutane yake aunawa ba.

A jiragen zamani dai ba nauyin mutane ke kawo babbar karkata ba, gudu ne da fukafukai. Akwai fukafukai a gaba ko a jikin hasumiyar da ke bisa bayan jirgin, akwai a wutsiya, kuma idan jirgin na gudu suna juya shi ne yadda na jirgin sama ke yi. A gudun mita 10 a daƙiƙa da kifawar digiri 30, jirgi na ƙara zurfin mita 5 kowace daƙiƙa, mita 300 a minti guda. Idan fukafukan wutsiya suka maƙale a yanayin nutsewa, 'yan daƙiƙoƙi ne tsakanin ma'aikata da zurfin da ƙarfe ba zai jure ba, shi ya sa ake maimaita atisayen wannan matsala har hannu ya riga tunani: a juya farfela baya, a hura iska a tankuna. Kujerun masu riƙe da sitiyari har bel gare su. Ga kuma karkata ta gefe. USS Albacore, jirgin gwaji da Amurka ta ƙaddamar a 1953 mai siffar ɗigon ruwa, shi ya nuna ƙarara cewa in jirgi ya sha kwana da gudu, hasumiyarsa na zama fiffike ta kwantar da shi nan take zuwa cikin kwanar, har sai da aka gwada sa wa hasumiyar wani ƙaramin sitiyari na daban don rage abin.

To yaya jiki ke ji? A can cikin kunne akwai wasu 'yan jakunkuna masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu nauyi a kan gashi siriri. Duk inda nauyi ya ja ƙwayoyin, nan ƙwaƙwalwa ke kira ƙasa. Tafin ƙafa da idon sawu da ƙugu su ma suna aika nasu rahoton. Ido kuwa layuka yake bi: gefen ƙofa, kusurwar bango, bututun da ke bin rufi. Tun 1948 masana halayyar ɗan Adam Solomon Asch da Herman Witkin suka nuna cewa in aka sa mutum a gaban firam da aka karkatar, aka ce ya tsayar da sanda a miƙe, mutane da yawa sandar tasu za ta bi karkatar firam ɗin. A cikin jirgi mai nutso duniyar gaba ɗaya firam ce, babu taga, babu inda sama ta haɗu da ruwa. Ido ya ce hanya a shimfiɗe take, cinya ta ce dutse ake hawa. Sabon shiga yakan yarda da ido, ya ɗaga ƙafa kamar kullum, ta sauka inda bai zata ba. Tsohon hannu ya daina sauraron ido, kuma ko barci yake ya san an fara nutsewa, don ya ji kansa ya doki allon gado ko ƙafarsa ta tokare ɗaya gefen. A ɗakin sarrafawa ma, duk na'urorin zamani da ke kewaye, ana ajiye wani lanƙwasasshen bututun gilashi mai ruwa da kumfar iska a ciki, wanda ba ruwansa da wutar lantarki.

Hawa ya fi sauƙi a kan sauka. Mai hawa yana sunkuyawa ya ja kansa da hannu, daga ƙarfen gado zuwa gefen kabad zuwa bakin ƙofa, in ya zame ma gwiwa ce za ta sha. Mai sauka kuwa kowane taku faɗuwa ce da ake tarewa, kuma abin da ke jiran sa a ƙasa ba katifa ba ce, kan famfo ne da kusurwar akwatin ƙarfe. Don haka ake sauka a karkace, hannu ɗaya ba ya saki sai ɗaya ya kama. Tsanin da ke tsaye cak yakan koma abu biyu: in karkatar ta zo ta bayansa sai ya kwanta ya yi daɗin hawa, in ta zo ta gabansa sai ya rinjayo kanka, ka koma rataye da hannu. Ƙofar ƙarfe mai hana ruwa wucewa, wadda yaro zai iya turawa in jirgi na daidai, a digiri 25 sai ta zama nauyin da za a ɗaga sama, ko kuma ta kufce ta rufo da kanta a kan yatsun wanda ya dafa bakin. Takalmin roba a busasshen daɓe yana iya riƙewa har wajen digiri 30. A zuba ɗan man inji ko ruwa a wurin, ƙasa da digiri 10 ma ya isa ya kwashe mutum.

Wanda ya fi kowa jin abin a jikinsa kuku ne. Tukunyar miya da aka cika, tun karkatar ba ta yi nisa ba ta fara amai ta gefe, man suya mai zafi kuma ba a wasa da shi. Shi ya sa ake sanarwa a lasifika kafin a fara manyan kusurwoyi, ya rage ruwan tukwane, ya maƙale su da ƙarfen murhu, ya kulle firji. In ya manta ƙofar firji ɗaya, abincin mako zai same shi a ƙafa.

Duk wannan karkata ce da aka yi da gangan, ana iya dawo da ita. Wadda ke kashe mutane ita ce mai ciyar da kanta. Ruwan da ya shigo jirgi gangare yake bi, ya taru a inda ya fi ƙasa, nauyinsa ya ƙara danna wurin, sauran ruwan ya ƙara gangarowa. Kayan da suka ɓalle su ma can suke nufa. Famfunan mai suna iya fara zuƙar iska don man ya gudu ɗaya gefen tanki, ruwan teku kuma in ya haɗu da batura sai iskar kulorin mai guba ta tashi. Ranar 11 ga Fabrairun 1969, jirgin Amurka USS Chopper yana atisaye kusa da Kyuba a zurfin mita 46 sai wutar da ke kunna na'urorinsa ta ɗauke. Kafin a ankara hanci ya kifa, ya wuce digiri 45, ya wuce 70. Hancin ya kai zurfin mita 308, a jirgin da aka gwada don mita 122. Da aka juya farfela baya aka hura iska sai ya tsaya, sannan ya juya ya harbo sama a kusan digiri 83. A wannan hali maganar tafiya ta ƙare. Bangon da ke raba ɗakuna shi ne daɓe, hanya ta zama rijiya, duk abin da ya zubo gaba da farko ya sake zubowa baya a kan mutane. Jirgin ya koma tasha da kansa, amma ƙarfensa ya lalace, a shekarar aka sallame shi.

Na jirgin Birtaniya HMS Thetis bai zo da sauƙi haka ba. Ranar 1 ga Yunin 1939, yana gwajin nutso a mashigin Liverpool da mutum 103 a ciki, aka buɗe murfin ciki na bututun tofido alhali na waje a buɗe yake, saboda fenti ya toshe 'yar kafar da ake duba ko da ruwa a bututun. Gaba ya cika, hanci ya kafe a ƙasan teku. Da suka zubar da mai da ruwa don rage nauyi, wutsiya ta fito sarari har masu ceto suna ganin ta. Amma a ciki, isa ga ɗakin tsira ya zama hawan tudu mai tsanani ga mutanen da iskar da suke shaƙa ta riga ta gurɓace. Mutum 4 suka fita, 99 suka rasu.

Wasannin kwamfuta sun daɗe suna kauce wa wannan batu baki ɗaya, kuma ba laifinsu ba ne. Silent Service na kamfanin MicroProse a 1985, da Aces of the Deep a 1994, da Silent Hunter na farko a 1996, duk allo-allo ne: ka danna maɓalli ka koma taswira, ka danna wani ka koma madubin leƙe. Dangerous Waters na 2005 ma haka, tashoshin aiki ne, karkata lamba ce a ma'auni. Silent Hunter III, shi ma a 2005, ya kawo ɗakin sarrafawa mai zurfin gani da mutane a tsaye, amma kai ɗin ido ne da ke tsalle daga wuri zuwa wuri. Sai Silent Hunter 5 a 2010 ya bar mai wasa ya taka da ƙafarsa daga hanci zuwa wutsiya. Daga baya UBOAT na Deep Water Studio a Poland da Wolfpack na Usurpator a Suwidin, dukansu sun fara fita a 2019, suka ɗora a kai, na biyun ma mutane da yawa ne ke shiga jirgi ɗaya ta intanet, kowa da aikinsa. Da aka ba mai wasa ƙafa, tambayar da aka binne shekaru 25 ta taso: ina ne ƙasa?

A idon kwamfuta, mutumin da kake tuƙawa ba shi da ƙafa ko hannu. Wani dogon ƙunshi ne mai siffar kafso, a tsaye, wanda injin wasan ke turawa yana duba ko ya ci karo da wani abu. An gina shi ne don duniyar da ƙasa ba ta motsi. Manyan injunan haɗa wasa irin su Unity da Unreal suna zuwa da ƙa'idar cewa gangaren da bai kai wajen digiri 45 ba ana takawa, wanda ya wuce haka zamewa ake yi. In mai haɗa wasa bai gyara ba, ɗan kafson nan zai hau digiri 30 da saurin da yake tafiya a fili, ba haki ba dafa bango, sannan a digiri 46 ya sulale kamar buhu. Mutum na gaske wahalarsa a hankali take ƙaruwa tun daga digiri 5. Bayan haka, jirgin na tafiya yana juyawa, kafson kuma ana lissafa matsayinsa daban. Ɗan saɓani kaɗan tsakanin lissafin biyu ya isa hoto ya dinga rawa, ko mutum ya ratsa daɓe ya tsinci kansa a teku. Kuma kafson da ke tsaye a miƙe cikin ɗakin da ya karkata, kansa zai doki saman ƙofar da ɗazu ya wuce lafiya.

Dabarar da ta fi kyau ita ce a juya al'amarin. A bar cikin jirgin a kafe wuri ɗaya, ko a dinga lissafa komai na ciki daga jikin jirgin maimakon daga teku, sannan a karkatar da jan nauyi shi kansa. Jirgi ya kifa digiri 20, sai a ce wa duk abin da ke ciki ƙasa ta koma digiri 20 zuwa gaba. A ilimin kimiyya wannan ba ha'inci ba ne, don wanda ke rufe a ɗaki marar taga ba shi da hanyar bambance karkatar ɗaki da karkatar jan nauyi, haka ma ba zai bambance karkata da ƙarin gudu ba. Taka birki da bugun bam a gefe duk ana iya shigar da su ta wannan ƙofa ɗaya. Ha'incin yana zuwa ne idan aka kafe ɗakin aka ƙi karkatar da komai. Ma'auni na cewa digiri 30, mai wasa na yawo abinsa, kofi na zaune a kan teburi.

Ko an gyara wannan, tsugune ba ta ƙare ba, saura kyamara. A ɗaure ta da jirgi, ɗaki ya fito a miƙe, mai wasa ba zai ga komai ya canja ba. A ɗaure ta da duniya, karkata ta gefe za ta fito sarai, don bango zai saɓa da gefen allo. Amma kifawar hanci, wadda ita ce ainihin motsin jirgi mai nutso, tana ɓacewa ko a haka. Dalili kuwa mai wasa da kansa yake ɗaga kallonsa sama da ƙasa da maus. Idan yana duban tsawon hanya jirgi ya sunkuya digiri 15, abin da zai gani bai bambanta da a ce ya ɗan ɗaga kai ba, hannunsa zai gyara kallon ba tare da ya sani ba, shi ke nan karkatar ta tafi. A ganina nan ne masu neman a kwaikwayi gaskiya ƙeƙe-da-ƙeƙe suke kuskure. Ana iya samun kusurwa daidai har ɗigon ƙarshe, mai wasa kuma bai ji komai ba, saboda gaɓar da ke jin kusurwar tana kunnensa, kunnen kuma yana ɗakin da bai motsa ba.

Abin da ke isar da saƙon shi ne abin da karkatar ta haddasa. Rigar ruwa da aka rataye ta nuna wani gefe. Gwangwani ya gangaro ya wuce ka, ka ji ƙararsa yana dukan abubuwa har ƙarshen hanya. Ruwan da ke ƙarƙashin daɓe ya leƙo a gefe ɗaya na ɗaki. Sauran ma'aikata su jirkice su kama bututu. Tafiyarka ta yi nauyi in kana hawa, ta ƙi tsayawa nan take in kana sauka, hannu ya bayyana a allo yana neman abin kamawa, ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da ƙoƙari. Masu fim ɗin Das Boot na 1981 sun gane cewa karkatar da kyamara kaɗai ba zai wadatar ba, suka gina cikin jirgin a kan dandamalin da injin ke girgizawa yana karkatarwa har digiri 45, don jikin 'yan wasan da kayan da ke rataye su faɗi da gaske. Makarantar jiragen ƙarƙashin teku ta Amurka da ke Groton ita ma ɗakin koyon tuƙinta a kan irin wannan dandamali yake, yana sunkuyawa da ɗalibai a ciki. Mai wasa a gida ba shi da dandamali, don haka dole kayan ɗakin su yi masa aikin kunne. Ni da a ba ni zaɓi tsakanin wasan da ya ƙididdige kowane bututu da wanda ya sa hannu ɗaya ya zama na jirgi, wato ba ka iya juya famfo da hannu biyu a digiri 25 sai ka tokare da ƙafa, na biyun zan ɗauka.

Gilashin VR da ake ɗaurawa a fuska ya ƙara dagula lissafin. Nan ido ya yarda ɗari bisa ɗari, ƙafa kuma tana kan daɓen gida. In aka karkatar da ɗakin wasan, mutum zai jirkice don ya tare faɗuwar da babu ita, ya faɗi ta gaske, ko cikinsa ya juya. Saɓanin da ke damun sabon matuƙi ne aka kifa: can jiki na jin motsi ido bai gani ba, nan ido na gani jiki bai ji ba. Shi ya sa masu hankali cikin masu haɗa irin wannan wasa suke barin daɓe kusan a miƙe.

Idan mutane da yawa ne a jirgi ɗaya ta intanet, lissafi daga jikin jirgi ya zama tilas. Jirgin da ke gudun mita 10 a daƙiƙa, in saƙo ya yi jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, abokin wasanka zai bayyana mita guda daga inda yake, a wurin da mita guda ya isa ya sa shi cikin bango ko cikin inji. In kuma aka ce nauyin 'yan wasa ya shafi daidaiton jirgi kamar yadda yake a samfurin VIIC, an buɗe wata ƙofar: matsayinsu na canja kusurwa, kusurwa na zamar da su, zamewar na ƙara kusurwa, kuma duk kwamfutocin sai sun yarda da lamba ɗaya a lokaci ɗaya. Ruwa ya fi wannan wuya. Wasanni da yawa suna riƙe ruwan kowane ɗaki a matsayin lamba ɗaya, kashi kaza cikin ɗari ya cika, sai a zana layi a kwance. Da zarar ɗaki ya karkata, sai an san a wace kusurwa ruwan ya taru, ko ya kai bakin ƙofar da ke ƙasa, wace na'ura ya fara nutsarwa, da yadda nauyinsa ya matsar da cibiyar jirgin. Barotrauma, wanda kamfanonin FakeFish da Undertow Games na Finland suka haɗa, wasa ne da ambaliyar ɗaki-ɗaki ita ce zuciyarsa, kuma jiragensa ba sa kifa hanci, a kwance suke hawa suke sauka. Jirgin Cyclops na wasan Subnautica ma kusan a miƙe yake zama kana yawo a cikinsa. Ban ga laifin wannan zaɓi ba a wasan da bai yi alkawarin tarihi ba. Wanda ya sa sunan samfurin VIIC a jikin jirginsa, ya zana kowane famfo a inda yake, shi ne ake bin sa bashin ruwan da ke gudu zuwa hanci da mutum 20 da za a ce su ruga baya su danne wutsiya.